Mahaɗin Matsi a Bakin Wayar Eriya: Ɗan Ƙarfen Da Ke Raya Tasha Ko Ya Kashe Ta

Idan damina ta yi nisa, akwai wani kuka da ake yawan ji daga bakin ma'abota rediyon sha'awa, watau mutanen nan da hukuma takan ba lasisi su kafa 'yar tasha a gidajensu, su riƙa zantawa da takwarorinsu na ƙasashe masu nisa, ba don neman kuɗi ba sai don son ilmi da sada zumunci. Mutum ya shiga ɗakinsa da dare, ya kunna na'urar da ya daɗe yana tanadi kafin ya saya, ya murɗa nan ya murɗa can, sai ya tarar muryoyin da watan jiya suke zo masa tangaran daga Turai da Amurka ta Kudu yau sun dushe, in kuwa ya yi kira, babu mai amsawa.

Galibi na'urar ake fara tuhuma, sa'an nan eriya, sa'an nan yanayin sararin sama, wanda dama yakan sauya daga lokaci zuwa lokaci. Sai an gaji da zato, an ɗauko tsani an hau rufi, an kwance ɗan ƙarfen da ya haɗa waya da eriya, a nan ne haƙiƙanin al'amari ke bayyana: ruwa ya shiga, saƙar jan ƙarfen da ke cikin wayar ta yi baƙi ko ta yi kore, ɓarnar kuwa ta bi waya ta yi nisa fiye da inda ido ke gani.

Wannan ɗan ƙarfe, wanda ya fi komai araha a tashar, shi ne ya sa ma'abota wannan fanni, waɗanda ake ƙiyasta yawansu a duniya da kimanin miliyan 3, suke ta muhawara a kan wace hanya ce mafi inganci ta ɗaura shi a bakin waya: tsohuwar hanyar liƙi da dalma, ko kuwa hanyar matsi, wadda ba ta bukatar wuta.

Wayar da asalinta

Wayar da ake magana a kanta, wadda ake kira koaks, hawa huɗu ce. A tsakiya akwai silin jan ƙarfe, sai farar roba ta kewaye shi, sai saƙar ƙananan silla ta rufe robar, a wasu wayoyin tare da takardar alminiyam, sa'an nan baƙar riga daga waje. Wani masani ɗan Ingila, Oliver Heaviside, shi ne ya yi rajistar wannan tsari a shekarar 1880, amma sai a 1929 injiniyoyi biyu na kamfanin Bell a Amurka, Lloyd Espenschied da Herman Affel, suka fito da shi a siffar da za a iya aiki da ita sosai. Lambobin da ake gani a jikin wayoyin har yau, irin su RG-58 da RG-213 da RG-6, gado ne daga ƙa'idojin sojan Amurka na zamanin Yaƙin Duniya na Biyu.

Hikimar wayar duka tana cikin abu guda, shi ne tazarar da ke tsakanin silin tsakiya da saƙar waje ta kasance daidai wa daida tun daga farkon waya har ƙarshenta, domin wannan tazara, tare da irin robar da ta cike ta, ita ke ƙayyade adadin da ake kira om na wayar. Na'urorin aikawa sun tsaya a kan om 50, na talabijin kuma a kan om 75. Duk inda tazarar ta ɓaci, ko don an lanƙwasa waya da ƙarfi, ko an take ta, ko roba ta narke silin ya karkace, to a daidai nan wani sashe na ƙarfin da aka aika zai juyo baya maimakon ya isa eriya.

Saboda haka aikin mahaɗi ya wuce ya sa ƙarfe ya taɓa ƙarfe. Wajibi ne ya ci gaba da kiyaye wannan tazara, ya riƙe saƙa ta ko'ina, ya jure ja da kaɗawar iska, ya kuma hana ruwa shiga, kuma kowane ɗaya daga cikin waɗannan sharuɗɗa in ya ɓace, sauran ba su isar masa.

Inda dalma take gazawa

Mahaɗin da ya fi shahara a bayan na'urorin rediyon sha'awa shi ne PL-259, wanda kamfanin Amphenol ya ƙera a shekarun 1930. A jikinsa akwai 'yan huji da ake zuba narkakkiyar dalma ta cikinsu don ta kama saƙar waya, kuma a nan ne illarsa take. Dalmar liƙi ba ta narkewa sai zafi ya kai kusan digiri 190, alhali kuwa farar robar cikin yawancin wayoyi takan fara narkewa tun zafi bai wuce digiri 110 da kaɗan ba. Gangar jikin mahaɗin kuwa ƙarfe ne mai kauri da ke shanye zafi, sai an daɗe ana gasa shi kafin dalma ta kama.

Gwani, mai babban ƙarfen liƙi da saurin hannu, yakan gama kafin roba ta ji jiki. Ɗan koyo kuwa ɗayan biyu yakan same shi: ko ya ji tsoro ya ɗauke hannu da wuri, dalma ta zauna a bakin huji ba ta kama saƙa ba, ko ya daɗe ya narka roba, silin tsakiya ya kusanci saƙa. Abin da ya fi muni shi ne aibin yana ɓoye a ciki, a zahiri aiki ya yi kyau, ba a gane ɓarnar sai bayan watanni. Ban da wannan, wanda ke kan dogon ƙarfen eriya, iska tana kaɗawa tana huce masa ƙarfen liƙi, ya san wahalar da ke cikin wannan aiki. Shi kansa PL-259 ba a gina shi don hana ruwa ba tun asali. Mahaɗin N, wanda Paul Neill na kamfanin Bell ya ƙirƙira a shekarun 1940, ya fi shi ta wannan fuska, domin yana da zoben roba kuma yana kiyaye om 50.

Yadda matsi ya shigo

Ba daga wurin masu rediyo hanyar matsi ta yaɗu ba, daga kamfanonin talabijin na waya ne a Amurka, waɗanda ma'aikatansu ke ɗaura dubban mahaɗai kowace rana, kuma kowane mahaɗi da ya lalace yana nufin a sake tura mota da ma'aikaci gidan mai saye. Mahaɗinsu shi ne F, wanda Eric Winston na kamfanin Jerrold ya fito da shi a farkon shekarun 1950, kuma babu gidan da ke da dish a ƙasashenmu da ba a san shi ba: shi ne ɗan notin da silin waya ke leƙowa ta tsakiyarsa a bayan dikoda.

Akwai wanda ake murɗawa a kan rigar waya, akwai kuma wanda ake danne zobensa da filaya mai kusurwa shida, wadda takan bar 'yan ƙofofi a kusurwoyin da ruwa kan bi. Daga ƙarshe aka zo da na matsi, wanda ake tura wani hannun riga daga bayansa zuwa cikin gangar jikinsa da na'ura ta musamman, sai ya shaƙe rigar waya ta ko'ina a kewaye, ba tare da kusurwa ba. Wayoyin talabijin kuwa galibi saƙarsu ta alminiyam ce, wadda dalmar da aka saba ba ta kama ta, don haka a gare su babu zancen liƙi tun farko.

Ya kamata mai karatu ya sani cewa iri biyu ne ke yawo a kasuwa. Akwai wannan na na'ura, wanda yawancinsa F ne da wani mai suna BNC, na siraran wayoyi irin RG-6 da RG-59. Akwai kuma na noti, wanda aka fi yi wa manyan wayoyin om 50 irin RG-213 da LMR-400, a siffar N ko PL-259. Shi da sifana ake ɗaure shi, notin baya ya danne zoben roba, roba ta kumbura ta kama riga.

Aikin kansa

Sharaɗin farko, wanda mafi yawan gazawa daga saɓa masa take, shi ne waya da mahaɗi da na'urar matsi su dace da juna. RG-58 kaurinta kimanin milimita 5 ne, RG-6 kusan 7, RG-213 kusan 10, kuma ko a cikin RG-6 ɗin, mai hawa huɗu na kariya ta fi mai hawa biyu kauri, mahaɗin ɗaya ba lalle ya shiga ɗayar ba. Wanda ya tilasta ƙaramin mahaɗi a kan waya mai kauri zai tattare saƙa a ciki, wanda kuma ya sa babba a kan siririya zai matse iska kawai, ja ɗaya ya zare.

A yanke bakin waya a miƙe, da abu mai kaifi, kada a latse shi ya zama ƙwai. Sa'an nan a feƙe da na'urar fiƙa mai reza biyu, wadda ke barin kimanin milimita 6 na silin tsakiya a tsirara, da wasu milimita 6 na saƙa a bayyane. Ana iya yi da wuƙa, amma akwai haɗari babba: silin tsakiya na yawancin RG-6 baƙin ƙarfe ne da aka yi wa rufin jan ƙarfe, kuma saƙon rediyo a fatar sili yake tafiya, ba a cikinsa ba, don haka wanda ya karce wannan rufi ya ɓata hanyar da saƙon ke bi, ya kuma buɗe wa tsatsa ƙofa.

Daga nan a taje saƙa baya a kwantar da ita a kan riga, a bar takardar alminiyam ɗin da ke manne da farar roba yadda take, a lafe. In waya mai hawa huɗu na kariya ce, sai a mayar da saƙar waje baya, a cire takardar da ke ƙarƙashinta, sa'an nan a mayar da saƙar ciki. Kafin a ci gaba, lalle ne a ɗaga bakin wayar a duba shi cikin haske, domin sili guda na saƙa, wanda bai fi gashi kauri ba, in ya naɗe a silin tsakiya, ya isa ya kashe layin baki ɗaya.

Sai a tura mahaɗi, ana ɗan juya shi, har farar roba ta zo daidai da gindin noti in an leƙa ta gaba, ba ta noƙe ba, ba ta kuma zarce ba. A nan ne masu gaggawa ke faɗuwa, domin hannu yakan gaji kafin waya ta kai makura, sai mutum ya ce ai ta shiga. Bayan an tabbatar, a sa a bakin na'ura a matse har ta kai ƙarshen tafiyarta, a datse silin tsakiya ya rage milimita 2 ko 3 a gaban noti, a ja mahaɗin da hannu da ƙarfi a ga ko zai motsa. Matsi sau ɗaya ake yin sa. In aka yi kuskure babu gyara, sai a yanke a sa sabo, shi ya sa mai hankali yakan sayi fiye da adadin da yake bukata.

Na noti kuwa, abin da aka fi mantawa shi ne a zura noti da zoben roba a waya tun kafin a fara komai. Bayan an feƙe riga, akwai wani ɗan bututu mai baki da ake turawa ƙarƙashin saƙa, a datse saƙar daidai bakinsa, a liƙa allurar tsakiya da 'yar dalma kaɗan, wanda aiki ne mai sauƙi tun da allurar ƙarama ce mai saurin ɗaukar zafi, sa'an nan a ɗaure da sifana biyu, ɗaya ta riƙe gangar jiki ɗaya ta juya noti, don kada waya ta murɗe. Fa'idarsa a kan na na'ura ita ce ana iya kwance shi a sake ɗaurawa.

Ba a hawa da waya sama sai an gwada ta a ƙasa. Da mitar lantarki za a tabbatar tsakiya ta isa tsakiya, saƙa ta isa saƙa, kuma tsakiya da saƙa ba su haɗu ba. A yi wannan kafin a jona eriya, domin wasu eriyoyin bisa tsarinsu sukan nuna haɗuwa ko da lafiyarsu ƙalau.

Ruwa da yaudarar ma'auni

Masu sayar da mahaɗin matsi sukan ce ba ya shan ruwa, kuma maganar gaskiya ce ta fuska ɗaya kawai. Bayansa, inda ya kama riga, a toshe yake. Gabansa kuwa, inda noti ke ɗaurewa a jikin eriya, raɓa da feshin ruwa suna iya bin zaren noti su shiga, kuma da zarar ɗigo ya taɓa saƙa, sai ta ja shi kamar yadda lagwani ke jan kananzir, ya bi waya mita da mita. Zafin rana yana kumbura iskar da ke ciki ta fita, sanyin dare ya jawo mai laima ta shigo, kullum haka har ƙarfe ya ci.

Akwai wani al'amari a nan da ya cancanci a tsaya a kansa, domin ya ɓatar da mutane masu ilmi. Kowace tasha tana da ma'aunin SWR, wanda ke nuna yawan ƙarfin da ya juyo daga eriya, kuma an saba cewa in ya nuna kaɗan to lafiya. Amma wayar da ta sha ruwa tana cinye ƙarfi a tafiya, ta sake cinye wanda ya juyo a dawowa, sai abin da ke isa ga ma'auni ya zama ɗan kaɗan, ma'auni ya nuna kyakkyawan sakamako alhali tasha tana mutuwa. Mai tasha ya ga allura ta kwanta ya yi murna, bai san ƙarfin nasa waya yake ɗumamawa ba. Ko lafiyayyar RG-58 mai tsawon mita 30 takan cinye fiye da rabin ƙarfi a zangon megahaz 144, balle wadda ta jiƙe.

Maganin kuwa sananne ne kuma mai araha: a naɗe mahaɗin da salatif ɗin roba mai narkewa cikin junansa, ana ja ana naɗawa daga ƙasa zuwa sama, sa'an nan a rufe shi da baƙin salatif na lantarki don kare shi daga rana, a kuma bar wa waya ɗan lanƙwasa ƙasa kafin ta shiga ɗaki, don ruwa ya ɗiga a can.

Saɓanin ma'abota fanni

Dattawan wannan fanni da yawa ba su saki dalma ba, kuma suna da hujja. Suna cewa liƙin da aka yi da kyau yakan shekara ashirin bai motsa ba, ba ya bukatar na'ura mai tsada da ba ta da wani amfani sai wannan, kuma wanda ya iya shi ba ya dogara ga ko kasuwa tana da mahaɗin da ya dace da wayarsa. Suna kuma tsoron cewa matasa za su tashi ba su iya riƙe ƙarfen liƙi ba, alhali wannan sha'awa tun kafuwar ƙungiyar ARRL a Amurka a 1914, da ƙungiyar duniya ta IARU a Faris a 1925, a kan ƙera abu da hannu aka gina ta.

Masu goyon bayan matsi suna amsawa da cewa wayoyin jiragen sama galibinsu dannewa ake yi, ba liƙi ba, domin dalma takan sandare sili ta sa shi karyewa inda ake girgiza. Kuma ɗan koyo yana iya fitar da mahaɗi na goma daidai da na farko, abin da ba ya samuwa da dalma sai bayan doguwar tarbiyya.

Akwai kuma mas'alar om. Mai tsanani zai ce wayar talabijin ta om 75 ba ta dace da na'urar om 50 ba. Lissafi kuwa ya nuna wannan saɓani SWR na 1.5 kawai yake haifarwa, wanda yawancin na'urori ke jurewa, kuma a wajen sauraro kusan ba a jin bambancinsa, shi ya sa masu shimfiɗa dogayen eriyoyin sauraro irin na Beverage suka daɗe da rungumar RG-6 da mahaɗin F. Inda ya kamata a yi hattara shi ne babban ƙarfi: wanda ke aikawa da ɗaruruwan wat, ko wat 1,500 da doka ta yarje a Amurka, ba shi da abin da ya fi masa babbar waya da mahaɗin N ko PL-259.

A ganina kowane ɓangare ya faɗi gaskiya a kan gwaninsa, amma hukunci a kan galibi ake gina shi, kuma galibin mutane ba gwanayen dalma ba ne. Ga wanda zai ɗaura mahaɗi biyar ko shida a shekara, matsi ya fi aminci, da sharaɗin ya sayi na ƙwarai. Jabun mahaɗai masu siririn ƙarfe da busasshiyar roba sun cika kasuwa, kuma na'urar matsi ba ta mayar da jabu nagari.

Abin da ya shafe mu

Masu lasisin wannan fanni kaɗan ne a ƙasashenmu, ko da yake kowace ƙasa tana da alamar kiranta da duniya ta sani, 5N ta Nijeriya, 5U ta Nijar, 9G ta Gana, TJ ta Kamaru, TT ta Cadi, ST ta Sudan. Amma tun da aka harba tauraron Es'hail-2 na ƙasar Ƙatar a Nuwamban 2018, ɗauke da na'urar rediyon sha'awa da ake kira QO-100, wata ƙofa ta buɗe. Tauraron yana tsaye wuri guda a sama, inuwarsa ta rufe Afirka duka, daga gabashin Barazil har Tailan, kuma ana sauraronsa da dish irin na gida, da kan dish irin na kasuwa, wanda ke sauko da saƙon zuwa kimanin megahaz 739 ta cikin RG-6 da mahaɗin F. Wayar nan guda ita ce kuma ke kai wa kan dish ɗin wutar da yake aiki da ita, don haka mahaɗi mai tsatsa illa biyu yake yi.

Ma'ana, sana'ar da dubban samarinmu masu ɗaura dish suke yi a Kano da Kaduna da Maraɗi da Damagaram ita ce rabin abin da ake bukata don kafa tashar sauraro, aikawa kuwa sai da lasisi. Sai dai yawancinsu har yanzu mahaɗin murɗawa suke sawa, su naɗe da salatif, kuma uzurinsu abin saurare ne: na'urar matsi kuɗi ce, mai gida kuwa ba ya ƙara ko kwabo don abin da ba ya gani. Amma mai gidan nan shi ne zai sake kiran su bayan ruwa biyu ya biya wani kuɗin, kuma a lokacin sunan mai aikin ne ke ɓaci.

Kirana ga 'yan kasuwar kayan lantarki shi ne su riƙa kawo waya tare da mahaɗin da ya dace da ita, su kuma faɗa wa mai saye lambarta. Ƙungiyoyin masu ɗaura dish da na masu rediyo su haɗa kuɗi su sayi na'urar fiƙa da ta matsi ko da guda ɗaya ce, a koya wa yara. Duk mai eriya ko dish a kan rufinsa kuma, ya hau ya kwance mahaɗinsa ya duba kafin ruwan farko ya sauka. In ya ga saƙa ta yi baƙi, ya yi ta yanke waya baya har ya kai inda ƙarfe ke ƙyalli, in bai kai ba ya sauya wayar duka.